Gyaran Filin Wasan Unguwa: A Nemi Takarda Kafin A Sayi Lilo

A 'yan kwanakin nan samarin unguwarmu a nan Kaduna sun yi ta bin gida-gida da littafi da rasit, suna karɓar gudunmawa domin gyara filin wasan da ke tsakiyar unguwa, wanda ya daɗe da zama juji da makwancin awaki. Sun zo har da zanen yadda wurin zai kasance in an gama: gola biyu da raga, dandamalin ƙwallon kwando, lilo na ƙananan yara, kujerun siminti, da fitilu masu aiki da hasken rana. Na yi murna ƙwarai da ganin wannan himma, na kuma ba da ɗan abin da ya sawwaƙa. Amma kafin su tafi na yi masu tambayoyi uku. Na ce, filin nan na wane ne a takarda? Wa zai biya mai shara da maigadi bayan an watse daga bikin buɗewa? A ina kuma mai gudunmawa zai je ya ga lissafin kuɗinsa? Sai yaran suka shiga kallon juna.

Ban yi tambayoyin nan don in karya masu gwiwa ba. Dalili shi ne, wannan ba shi ne karo na farko da aka karɓi kuɗinmu a kan filin nan ba. Shekarun baya mun taɓa ƙaddamar da gidauniya, aka kafa rumfuna, aka gayyato manyan baƙi, aka yi jawabai da tafi. Da kuɗin da aka tara aka sayi lilo da ƙarfen zamiya, aka shafa masu fenti mai ɗaukar ido. Kafin damina biyu sarƙar lilon ta tsinke ba mai gyarawa, ruwa ya yi zaizaya ya raba filin biyu, masu jari-bola suka kwashe sauran ƙarafan da dare. Daga baya wani bawan Allah ya bayyana da takarda mai hatimi, ya ce kusurwar gabas tasa ce. Mu da muka ce filin na jama'a ne ba mu da ko fallen takarda da za mu nuna. Yau shaguna ne jere a wurin da muka yi ƙuruciyarmu. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa zancen filin wasa zancen masu ƙoshi ne, ko kuwa wata al'ada ce da Turawa suka kawo mana. Tun kaka da kakanni kowane ƙauye da kowace unguwa a ƙasar nan suna da dandali. A nan 'yan mata ke gaɗa in farin wata ya fito, samari su yi langa da kokawa, dattawa kuwa su zauna gindin bishiya suna dara da rana. Ba wanda ya taɓa tunanin yanka dandali ya sayar, domin kowa ya san cewa garin da ba shi da wurin taruwar yara ya rasa wani abu babba. Abin da ya sake a yau shi ne ƙasa ta yi daraja, gari ya cika ya batse, duk wani sarari da ba gini a kansa idon masu kuɗi na kai.

Masana kiwon lafiya ma sun goyi bayan abin da iyayenmu suka sani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa yaro daga shekara 5 zuwa 17 ya sami aƙalla minti 60 kowace rana yana motsa jiki sosai. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989, wadda Nijeriya ta amince da ita a 1991, ta sanya wasa da hutu cikin haƙƙoƙin yaro a sashe na 31. To, a ina yaron da iyayensa ke haya a ɗaki ciki da falo, cikin gidan da ya tara iyali goma, zai yi wannan guje-guje? In ba fili, kan titi zai koma yana buga ƙwallo tsakanin 'yan acaɓa da masu Keke. Wanda ya ɗan tasa kuwa, in bai sami inda zai ƙarar da ƙarfinsa da yamma ba, akwai masu jiransa a kango. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da ƙwaya a cikin shekarar da ta gabaci binciken. Ba na cewa filin ƙwallo zai warkar da wannan ciwo shi kaɗai. Sai dai kowa ya sani, filin da aka yi watsi da shi, mai duhu da ciyawa, shi ne wurin da 'yan shaye-shaye suka fi so, filin da ke cike da jama'a da haske kuwa ba sa iya zama a cikinsa.

Mu mutanen Kaduna muna da wani dalili na musamman. A ranar 3 ga Agusta, 1996, lokacin da Nijeriya ta doke Ajantina da ci 3 da 2 ta ɗauki lambar zinariya a wasannin Olamfik na Atlanta, biyu daga cikin ƙwallayen nan uku 'ya'yan garin nan ne suka zura su, wato Celestine Babayaro da Daniel Amokachi. A cikin tawagar akwai kuma Tijjani Babangida da Garba Lawal, su ma 'yan Kaduna. Daren nan gari ya yi ta murna, ba wanda ya tsaya tambayar daga wace unguwa kowannensu ya fito. Bayan rikice-rikicen 2000 da 2002 jama'a da yawa sun yi ƙaura, kowa ya koma inda nasa suka fi yawa, har kogin Kaduna ya zama kamar iyaka tsakanin 'yan gari ɗaya. Yaran da aka haifa bayan wannan lokaci da yawansu sun girma ba su da aboki ko ɗaya daga ɗaya ɓangaren. Wuraren da suka rage inda yaron wannan gida zai haɗu da na wancan ba tare da an shirya taron sulhu ba 'yan kaɗan ne, kuma filin ƙwallo na cikinsu. Saboda haka duk filin unguwa da ya salwanta, an toshe wata ƙofa ce ta zumunci.

Wani zai ce ai gwamnati ta tanadi wuraren shaƙatawa. Gaskiya ne, akwai lambun Gamji a bakin kogi, wanda aka sa wa sunan Janar Hassan Usman Katsina, inda aka ajiye gadar ƙafa ta Lugga da aka fara kafawa a Zungeru a 1904. Akwai kuma dandalin Murtala, inda aka yi babban hawan daba na bikin FESTAC a 1977, wanda aka sake wa fasali aka buɗe a 2022. Waɗannan abin alfahari ne. Amma wuraren zuwa ne ranar Salla ko Kirsimeti, sa'ad da uba ya ɗauki iyalinsa a yi ado a tafi. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin mota ya sa irin wannan fita ta fi ƙarfin magidanta da yawa. Abin da yaro ke bukata kullum shi ne wurin da zai taka da ƙafa bayan an tashi daga makaranta, inda uwarsa za ta iya aika ƙanensa ya kira shi in abinci ya nuna. Babban lambu ɗaya a tsakiyar gari ba zai maye gurbin ƙananan filaye a cikin unguwanni ba.

Tun da haka ne, na yarda ɗari bisa ɗari jama'a su sa hannu a aljihu su gyara nasu. Aikin gayya ba baƙo ba ne a wurinmu, hannu ɗaya kuwa ba ya ɗaukar jinka. Inda na saɓa da yawancin kwamitocin da na gani shi ne wajen abin da ake sa wa gaba. A kullum akan fara da abin da ido zai gani ranar buɗewa, a bar abin da zai riƙe wurin shekara ashirin. A nawa ganin, ga yadda ya kamata a jera aikin.

Na farko, takarda. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa dukan ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana, kuma filayen cikin birni ƙarƙashin ikonsa suke. Ma'anar wannan ita ce, cewar da muke yi “kowa ya san filin nan na unguwa ne” ba ta da nauyi a gaban alƙali in wani ya zo da takardar mallaka. Kafin a sayi buhun siminti ɗaya, kwamiti ya tafi hukumar filaye ta jiha, wato KADGIS, da hukumar tsara birane, KASUPDA, ya nemi ganin taswirar unguwa, ya tabbatar da abin da aka ware wurin dominsa. In an ware shi don amfanin jama'a ne, a nemi wannan a rubuce, a kawo safiyo ya auna, a kafa duwatsun iyaka, a ajiye kwafi wurin mai unguwa da hakimi da ƙaramar hukuma. In kuwa ya bayyana cewa an riga an ba wani, gara a sani tun yanzu a shiga neman haƙƙi, da a zuba kuɗin marayu da gwauraye a gonar wani. Ko manyan wurare ba su tsira daga wannan haɗari ba. A Nairobi ta ƙasar Kenya, a 1989, an shirya gina bene mai hawa 60 a cikin lambun Uhuru da ke tsakiyar birnin. Wata mace, Wangari Maathai, ita ta tsaya kai da fata da rubuce-rubuce da zuwa kotu, ta sha zagi da tsangwama, har masu ba da kuɗin suka janye aka fasa ginin. Daga baya ta sami lambar yabo ta Nobel a 2004. In lambun da ke gaban idon duniya ya kusa tafiya, ina ga ɗan filin da ke lungun unguwarmu?

Na biyu, ƙasa da ruwa da inuwa. Damunar Kaduna ba ta wasa, musamman a watannin Agusta da Satumba. Filin da ba a daidaita shi aka fitar masa da magudana ba, duk abin da aka kafa a kansa ruwa zai tone gindinsa. Saboda haka kuɗin farko ya tafi wajen tifofin jar ƙasa, da lambatu, da kwalbati inda ake bukata. Bayan haka sai bishiyoyi. Ƙarfen zamiya da aka kafa a tsakar rana ba yaron da zai iya hawansa a watan Maris ko Afrilu, domin zafinsa sai ya sale fata. Dashen dogon yaro, da maɗaci, da mangwaro ba shi da tsada, sai dai yana son a yi shi da farkon damina, a kewaye kowane da kwando ko ƙaya saboda awaki, a kuma sami wanda zai yi masa ban ruwa a ranin farko. A raba bishiyoyin ga gidaje, kowane gida da tasa, a ga wanda zai yarda tasa ta mutu a idon maƙwabta. Sai kuma makewayi, na maza daban na mata daban, da famfo ko rijiya. Wurin taruwar jama'a da ba makewayi, ba a daɗe ba bayan katangarsa zai zama makewayin.

Na uku, kuɗin kulawa. Nan ne ayyukanmu suka fi mutuwa. Mun iya ƙaddamarwa, ba mu iya riƙo ba. Attajiri zai ba da kuɗi mai yawa ranar biki domin za a ambaci sunansa a lasifika, amma ba a shirya biki don sayen ƙwan fitila ko walda sarƙar lilo. Shawarata ita ce, daga duk abin da aka tara, a ware kashi ɗaya cikin uku a ajiye don gyare-gyare, ko da hakan zai sa a jinkirta dandamalin ƙwallon kwando zuwa baɗi. Sa'an nan a sa ɗan abin da kowane gida zai riƙa bayarwa wata-wata. Mu ɗauka, alal misali, unguwa tana da gida 300, kowanne ya ba da naira 500 a wata. Wannan ya kama naira 150,000 a wata, wato naira miliyan 1.8 a shekara. Ko da an biya maigadi mafi ƙarancin albashi na ƙasa, naira 70,000 da aka tsayar a 2024, akwai ragowar da za ta ishi mai shara da ƙananan gyare-gyare. Wanda ba shi da kuɗi ya ba da ƙarfinsa: mai walda ya duba ƙarafa, birkila ya toshe tsaga, mai fenti ya shafa, samari su yi shara ranar Asabar ɗin ƙarshen wata.

Wannan darasi ba mu kaɗai muka koye shi da wahala ba. Babban lambun birnin New York a Amurka, wanda ake kira Central Park, ya lalace ƙwarai a shekarun 1970 lokacin da aljihun hukumar birnin ya bushe. A 1980 wasu mazauna birnin suka kafa ƙungiya mai zaman kanta don ceto shi, kuma ita ce ta ci gaba da tara mafi yawan kuɗin kula da shi, alhali filin yana nan a matsayin mallakar birnin. Abin lura shi ne, ƙungiyar ba ta watse bayan gyaran farko ba, ta zauna ne a kan aikin yau da kullum na shara da dashe da gyara. Mu ba mu da attajiran New York, amma tsarin bai fi ƙarfinmu ba.

Na huɗu, gaskiya a kan kuɗi. Ba abin da ke kashe aikin gayya kamar zargi. Da zarar an fara raɗe-raɗin cewa ma'aji ya sayi sabon babur, to ba mai ƙara ba da ko kwabo. Maganin wannan shi ne ƙungiyar ta yi rajista da hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi ta ƙasa, wato CAC, da amintattu sanannu, ta buɗe asusu a banki da sunanta, kada a fitar da kuɗi sai da sa hannun mutum biyu cikin uku. Kowace gudunmawa a ba da rasit. Kowane wata uku a manna lissafin shiga da fita a ƙofar mai unguwa, a kuma karanta shi a majami'a da masallaci bayan sanarwa. A cikin kwamitin a sa mata, domin su ne suka san lokacin da yara ke fita da abin da ke tsorata su, kuma duk wanda ya ga yadda matan unguwa ke riƙe adashi shekara da shekaru ba a ji kansu ba, ya san inda amana take. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Sai bayan waɗannan huɗu ne za a zo kan kayan wasa. A nan ma ina da roƙo. Kada filin ya zama na samari masu ƙwallon ƙafa su kaɗai, kamar yadda aka saba. A keɓe kusurwa mai yashi don ƙananan yara, nesa da inda ƙwallo ke faɗawa. A ware wuri da lokaci don 'yan mata su yi ƙwallon raga ko wasanninsu na gargajiya ba tare da an kore su ba. A yi hanyar zagaye don dattawa da masu hawan jini ko ciwon sukari da likita ya ce su riƙa tattaki, a kuma bar mashiga marar matakala saboda masu keken guragu. Kayan da za a kafa su zama waɗanda mai waldan unguwa zai iya ƙerawa ya kuma gyara, maimakon na kanti masu tsada da in sun karye sai an aika Legas neman kayan gyara. Kuma kada a sa kuɗin shiga ga yara. Ranar da aka fara karɓar kuɗi a ƙofa, ɗan talakan da aka yi aikin dominsa shi zai koma leƙe ta waya.

Akwai masu cewa, in jama'a suka ɗauki wannan nauyi, ai an sauke wa hukuma nata ke nan, gobe ma sai ta naɗe hannu. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, bai kamata a yi watsi da ita ba. Jadawali na huɗu na tsarin mulkin 1999 ya lissafa ginawa da kula da lambuna da wuraren shaƙatawa da filayen jama'a cikin ayyukan ƙaramar hukuma, tare da tituna da magudanun ruwa da fitilun kan hanya. A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya. Saboda haka in kwamiti ya je wurin kansila ko shugaban ƙaramar hukuma, ba bara ya je yi ba. Ya tafi da takardar filin, da lissafin abin da jama'a suka tara, ya ce ga namu, ina naku? A nemi hukuma ta ɗauki manyan ayyuka irin su magudana da katanga da kwashe shara, a rubuta yarjejeniya kowa ya sa hannu. Wanda ya zo da rabin kuɗin aiki a hannu ya fi ƙarfin a sallame shi da “za a duba”.

Wani haɗarin kuma shi ne, in aka bar komai ga aljihun mazauna, unguwar masu hali za ta yi kyau, ta talakawa ta ci gaba da zama juji. Ko a New York ɗin da na ambata an yi wannan kuka, har hukumar birnin ta fito da wani shiri a 2014 don gyara ƙananan filayen unguwannin marasa galihu da aka daɗe da mantawa da su. Wannan shi ne aikin da hukuma kaɗai za ta iya, wato ta kai kuɗin jama'a inda gudunmawa ba za ta isa ba. Gudunmawar unguwa ƙari ce a kan haƙƙin da ke wuyan hukuma, ba ta soke shi ba.

Samarin nan sun dawo wurina bayan mako guda, suka ce sun dakatar da odar lilon, sun kuma roƙi mai unguwa ya raka su ofishin filaye. Na san wasu za su ce an rage wa aikin armashi, domin ba a ɗaukar hoto da dutsen iyaka ko lambatu. Amma da sanyin safiya ake kama fara. Ina kira ga duk unguwar da har yanzu take da ɗan sarari da ba a gine ba, a Kaduna ne ko Jos ko Zariya ko Kafanchan, dattawanta su tashi a wannan wata su binciki matsayinsa a takarda, tun kafin su wayi gari su tarar an sauke bulo. Lilo ana iya sayensa ko yaushe aka sami kuɗi. Fili kuwa in ya tafi, ya tafi ke nan, jikokinmu ma ba za su gan shi ba. Allah ya ba mu ikon riƙe amanar 'ya'yanmu, amin.